Yadda ake tafiya ƙasar waje ɗauko ɗan riƙo wanda ya riga ya yi wayo

Yara uku ke gidana waɗanda ban haifa ba, kuma dukkansu sai da ni da maigidana muka hau jirgi muka je muka zo da su. Ta fari tana da shekara takwas lokacin, sauran biyun wa ne da ƙani, ɗan sha ɗaya da ɗan shida. Bayan nawa na zauna da iyalai da dama muna jera takardu, wasu har na raka su. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, yaron da ya yi wayo yana da suna, da harshe, da abokin faɗa, da wadda yake gudu wurinta in ya faɗi. Ranar da ku kuke ta murna, a ranar shi yake rabuwa da duk abin da ya sani. Da wannan a ranku za ku shirya komai, har kayan da za ku sa a akwati.

Abubuwan da za ku tanada

Takardu su ne rabin aikin. Fasfo na kowannenku da ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare, takardun haihuwa, takardar aure, shaidar 'yan sanda cewa ba ku da laifi, rahoton likita, shaidar aiki da bayanan banki, wasiƙun mutanen da suka san halinku, rahoton binciken gida, da izinin hukumar ƙasarku. Kowace takarda ku yi mata gida uku: ta asali a jakar hannu, kwafi a akwati, hoto a waya.

Sai mutane. Hukuma ko ƙungiya mai lasisi da za ta riƙe maganarku, lauya a can ƙasar, tafinta, da likitan yara a gida wanda ya yarda ya duba takardun lafiyar yaron tun kuna nesa.

Sai kayan yaron: ƙaramar jakar baya da za ta zama tasa shi kaɗai, kundin hotuna, tufafi kaɗan masu girma daban-daban, ƙwallo, takarda da fensiran zane, ƙaramar fitila, ledar shimfiɗa saboda fitsarin kwance, maganin zazzaɓi na yara, da maganin kwarkwata. Kada ku sayi takalmi tun daga gida, ba za ku dace da ƙafarsa ba. Ku haɗa da katuna masu hoton bayi, ruwa, abinci, gado, da na yaro mai riƙe da ciki, domin ya nuna abin da yake so in baki ya gaza. In ba ku samu na sayarwa ba, ku zana da hannu, namu ma zanen maigidana ne kuma sun yi aiki. Na ƙarshe, littafin rubutu da biro. Za ku ga amfaninsu a mataki na shida.

1. Ku zaɓi ƙasa, ku bi ƙofar doka

A 1993 aka ƙulla yarjejeniyar birnin Heg na ƙasar Holan kan riƙon yara tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a 1995, yau ƙasashe sama da 100 suna cikinta. Abin da ta shimfiɗa ba shi da wuya. Kowace ƙasa tana da babbar hukuma guda da ke kula da lamarin. Ba a ba da yaro waje sai an nemi mafita a cikin ƙasarsa an rasa. Ba a sayen yardar iyaye da kuɗi. Yaron da ya kai ya fahimta kuma sai an ji ta bakinsa. Ku fara bincika ko ƙasar da kuke zaune da wadda za ku je duk suna ciki. In ɗaya ba ta ciki, hanya ba ta toshe ba, amma nauyin bincike ya dawo kanku. Kafin ku biya ko sisi, ku je hukumar shige da fice ta ƙasarku ku ji, a rubuce, wace irin takarda za ta karɓa ta bar yaron ya shigo. Na san iyalin da kotu ta ba su yaro a can, nan kuma aka hana shi biza, uwar ta zauna da shi a ƙasar mutane fiye da shekara.

Ƙofofi suna rufuwa ba sanarwa mai tsawo. Rasha ta hana Amurkawa daga farkon 2013, Habasha ta hana baƙi gaba ɗaya a 2018, Sin ta rufe a 2024 in ban da na dangi. Don haka labarin da wani ya ba ku na shekara biyar baya, ku sake tabbatar da shi. Kolombiya, Bulgeriya, Indiya da Filifin suna cikin waɗanda aka san su da neman iyalai ga manyan yara da 'yan uwan da ba a so a raba.

Ga Musulmi akwai magana ta daban. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, shi ya sa ƙasashe irin su Maroko kafala suke bayarwa: riƙo da kulawa ba tare da sauya nasaba ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta, sai dai ba kowace ƙasa ke ba yaron kafala matsayin ɗa a wajen biza ba. Kuma tunda yaron ya wuce shekarun shayarwa, maganar muharrami da ta gado ku zauna da malami ku warware su tun yanzu.

Duk wanda ya ce zai samo muku yaro cikin wata biyu, ko ya ce a ba shi kuɗi a hannu ba rasit, ku guje shi. A 2007 an kama 'yan wata ƙungiyar Faransa a Abeche ta ƙasar Chadi za su fita da yara 103 da sunan marayu, bincike ya nuna yawancinsu suna da iyaye. Zama a gidan marayu ba shi ke nuna yaro maraya ne ba, da yawa talauci ne ya kai su.

2. Binciken gida

Jami'ar walwala za ta zo gidanku fiye da sau ɗaya. Za ta ga ɗakin kwana, ta tambayi yadda aka rene ku, yadda kuke faɗa da yadda kuke shiryawa, ta zauna da 'ya'yanku in kuna da su. Mutane kan ɓata lokaci wajen goge tagogi, alhali amsoshinku take aunawa. Kada ku ɓoye tsohuwar rashin lafiya ko wata tsohuwar shari'a, domin in ta gano da kanta ya fi muni. A nan ne kuma za a rubuta shekarun yaron da aka yarda ku ɗauka da irin larurar da za ku iya. Ku faɗi iyakarku da gaskiya. Kunya ta sa wasu sun ce "kowane iri ne muna so", daga baya abin ya fi ƙarfinsu, yaron ne kuma ya sha wahalar.

3. Fassara da hatimi

Kowace takarda sai an fassara ta wurin mai fassarar da hukuma ta sani, sannan a buga mata hatimi. Ƙasashen da ke cikin wata yarjejeniya ta daban, ta 1961, kan tantance takardun hukuma, hatimi guda suke nema, wanda ake kira afostil. In ƙasarku ko wadda za ku je ba ta ciki, sai ku bi doguwar hanya: ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ku. Kuskuren da ya fi yawa shi ne karɓo takardu masu gajeren rai da wuri. Shaidar 'yan sanda da rahoton likita wasu wata shida suke yi, wasu shekara. Ku bar su su zama na ƙarshe, ku rubuta ranar ƙarewar kowacce a bangon fayil. Ku kuma duba rubutun sunayenku harafi-harafi. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin fasfona da takardar aurenmu ya ci mana mako bakwai.

4. In fayil ɗin yaro ya iso

Hoton za ku fara kallo, kowa haka yake yi. Ku kalla, sannan ku kife shi ku karanta sauran da idon basira. Ta yaya ya zo hannun hukuma? Wa ya sa hannu, yaushe? Gida nawa ya zauna? Yana da 'yan uwa a wani wuri? Aji nawa yake, yana iya karatu? Ku kai wa likita awon tsayi da nauyi da na kai. Abin da aka rubuta a fayil sau da yawa ya tsufa, wani lokaci shekarun ma kintace ne. In akwai giɓi, ku aika da tambayoyi a rubuce ta hannun hukuma.

Tambayar da ba a so a tsallake: an gaya wa yaron, kuma ya yarda? Babban ɗanmu sai da muka haɗu muka gane an ce masa hutu zai je ya dawo. Kwana biyu tafinta da wata jami'a ta can suka yi suna zama da shi kafin muka ci gaba, kuma da ya ce a'a da dole mu haƙura.

5. Ku gabatar da kanku kafin ku je

In an ba da izini, ku aika da kundin hotuna: fuskokinku a kusa, ƙofar gida, gadonsa, bayi, makaranta, kowa da sunansa a rubuce da harshen yaron. Banda hoton mota da tarin kayan wasa, kada ya zata aljanna zai zo. In ana barin kiran bidiyo, ku yi gajere, minti goma ya isa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka harshe tun yanzu. Kalma talatin zuwa hamsin sun isa farawa: zo, tsaya, yunwa, ƙishirwa, bayi, ina ke ciwo, kada ka ji tsoro, zan dawo. Manhajar fassara ta waya tana taimakawa, amma ku sauke harshen a wayar don ta yi aiki ko ba intanet, kuma kada ku dogara da ita ga yaro mai kuka, ba ta jin maganarsa.

6. Haɗuwar farko

Tsarin ya bambanta. A Bulgeriya tafiya biyu ce, ta fari ku yi kwanaki kuna ziyartar yaron ku koma gida, ta biyu bayan hukuncin kotu ku ɗauko shi. A Kolombiya ana miƙa muku shi, ku zauna tare kamar mako guda, jami'ai su zo su ga yadda kuka saba, sannan magana ta je kotu. Ko wane ne, ku isa da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ku yi barci.

Ranar da muka haɗu da 'yarmu, an shigo da ita wani ofis riƙe da leda mai ɗauke da duk abin da ta mallaka. An yi mata wanka an gyara mata gashi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon takalmina. Ni kuwa da na shekara biyu ina jiran wannan rana, na tashi da sauri na rungume ta, sai na ji jikinta ya sandare kamar itace. Har yau ina jin nauyin wannan kuskure. A tafiyar da muka ɗauko yaran biyu ban maimaita ba. Muka zauna a ƙasa, maigidana ya gangara wa ƙaramin yaron ƙwallo, ya gangaro masa, muka yi kusan rabin awa ba wanda ya taɓa wani.

To haka za ku yi. Ku rage tsayi, ku zauna ko ku durƙusa. Ku faɗi sunanku, ku kira shi da sunan da ya sani. Kada ku tsare shi da ido, kada ku haska masa waya. Ku bar shi ya zaɓi abin da zai kira ku. 'Yarmu ta yi wata huɗu tana ce mini "ke" kafin wata rana, tana neman cokali, ta ce "Mama" ba tare da ta lura ba, ni ma na yi kamar ban ji ba na miƙa mata.

Maganar suna: kada ku sauya masa. In akwai dalilin ƙara wani, ku tambaye shi, ku bar na asalin a takarda.

Yanzu littafin nan. Ku nemi zama da wadda ta rene shi, da tafinta, ku rubuta komai. Ƙarfe nawa yake kwana, da fitila ko a duhu, shi kaɗai ko da wasu? Me yake ci, me yake ƙi? Me ke ba shi tsoro? In ya yi fushi yaya ake lallashinsa? Wane tabo ne a jikinsa, a ina ya same shi? Su wane ne abokansa? Ku roƙi tsofaffin hotunansa da katin rigakafi da takardun makaranta. Ku ɗauki hoton gadonsa da na masu renon, in sun yarda. Yau ba zai damu ba, amma yana shekara sha biyar zai tambaye ku, ku kaɗai ne kuma za ku iya ba shi amsa. Ku bar shi ya yi sallama da kowa a natse. Fita da yaro a ɓoye don kada ya yi kuka zalunci ne, ko da niyyar kirki aka yi shi.

Tsofaffin tufafinsa kada ku zubar, kada ma ku wanke su a makon farko. Warin da ya sani ke nan.

7. Kwanakin masauki

In da hali ku kama gida mai kicin maimakon ɗakin otal, domin zaman kan kai makonni. Ku tsara yini iri ɗaya kullum, lokacin tashi, ci, fita, wanka, kwanciya, ku zana shi da hotuna ku manna a bango. Yaron da ya tashi a gidan marayu da ƙararrawa ya saba, rashin tsari tsoro yake ba shi.

Abinci shi ne fagen farko. Wani zai ci har ya yi amai, wani zai ƙi ci, da yawa za su ɓoye. Na taɓa ɗaga matashin ƙaramin ɗanmu na tarar da gutsattsarin burodi da rabin ayaba da ta yi baƙi. Ban yi magana ba. Washegari na ba shi roba mai murfi na ce tasa ce, kullum zan cika ta, ba mai taɓawa. Wata uku yana kwana da ita, daga baya ya manta da ita a ƙarƙashin gado. Ku ba shi irin abincin da ya saba, sabo ya jira. Kuma ku ne za ku riƙa miƙa masa da hannunku, domin ta nan yake koyon wa ke kula da shi.

Kwana uku ko mako guda zai yi kamar mala'ika, yana gyara gado yana murmushi. Somin taɓi ne. Bayan nan cizo, tofi, jifa, gudu, ko kuka mai tsawo da dare. Sau da yawa yakan manne wa ɗayanku ya ƙi ɗayan. Babban ɗanmu ya yi mako biyu ba ya yarda in zauna kusa da shi. Wanda aka ƙi ya daure, ya ci gaba da kawo ruwa da abinci, kada ya yi zuciya. Duka kuwa babu shi sam. Ban da cewa yana iya rushe shari'ar, ba ku san abin da hannu ya taɓa yi masa ba. Kada kuma ku kulle shi shi kaɗai a ɗaki don horo, wanda aka taɓa yasarwa ba ya ɗaukar wannan a matsayin horo. Ku zauna kusa, ku yi shiru, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo.

Wanka da sauya kaya ku bar masa sirrinsa, ku tsaya a bakin ƙofa. A titi ku riƙe hannu, ku sa masa kati a aljihu mai lambar wayarku da adireshin masauki. Yawon buɗe ido ku rage shi, fili mai lilo kusa da masauki ya fi kowane gidan tarihi.

8. Kotu, fasfo, biza

Jerin yakan zama haka: hukuncin kotu, sabuwar takardar haihuwa, fasfon yaron, gwajin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, sannan biza. A ƙasashen yarjejeniyar Heg akwai kuma takardar da ke shaida cewa an bi yarjejeniyar, kada ku taso ba ita, da ita ƙasarku za ta amince da hukuncin. Alƙali yakan tambayi babban yaro ko ya yarda. Ku sa tafinta ya bayyana masa tun jiya wane ne alƙali da abin da zai tambaya, amma kada ku saka masa magana a baki.

Ku karɓi kwafin hukunci masu hatimi da yawa, nemansu daga nesa wahala ce. Gwajin tarin fuka shi ke yawan tsayar da mutane: in hoton ƙirji ya nuna alama, sai an yi gwajin majina, sakamakonsa kuma kan kai mako takwas. Saboda haka tikitin da ake iya sauya wa rana za ku saya, ku kuma ware kuɗin zaman wata guda fiye da lissafinku. In aiki ba zai bar ku duka ku zauna ba, ku tambaya tun farko ko ɗaya zai iya komawa ya bar wa ɗayan takardar wakilci.

9. Jirgi

Yaron da fasfon ƙasarsa zai yi tafiya, don haka ƙasar da za ku yada zango tana iya neman bizar wucewa a kansa ko da ku ba ta nema. Ku bincika kafin sayen tikiti. Ku nuna masa hoton cikin jirgi, ku gwada ɗaura bel da ɗankwali ko igiya a masauki. Ku ba shi cingam ko abin tsotsa saboda toshewar kunne, ku kuma gargaɗe shi kan ƙarar bayin jirgi, ta firgita 'yarmu har ta riƙe fitsari awa tara. Kayan sauyawa da abin ci su kasance a hannu. Duk ambulan da ofishin jakadanci ya ba ku a rufe, jami'in shige da fice ne zai buɗe shi.

Ku hana taron tarba a filin jirgi. Mutum ɗaya da mota ya isa.

10. Makonnin farko a gida

Dangi za su so zuwa gani, ku roƙe su su jira, in sun zo kuma su zo kaɗan-kaɗan, banda ɗauka da ba shi abinci a baki. Yaron da zai bi kowane baƙo yana murmushi, mutane sukan ce yana da fara'a, alhali bai san bambancin nasa da bare ba tukuna. Ku kai shi likita a makon farko ko na biyu a duba jini, haƙora, ido, kunne da tsutsar ciki, a kuma tabbatar da rigakafin da aka rubuta. Makaranta ta ɗan jira makonni, in ya shiga kuma a sa shi ajin da zai iya, ko da ƙasa da shekarunsa ne. Harshensa na farko yana iya zubewa cikin watanni kafin sabon ya zauna, a tsakanin nan fushi kan yi yawa. In akwai mai jin harshen a kusa, ku nemo shi, sai dai in yaron ya nuna ba ya so.

Rahotannin bayan riƙo, wato bayanin halin da yaron ke ciki da ake aika wa ƙasar da ya fito, wajibi ne, Indiya tana neman su har shekara biyu, kuma sakacin iyali ɗaya kan jawo wa na bayansu tsaiko. Takardar zama ɗan ƙasa kuma ku nema a watan farko, kada ku ɗauka hukuncin kotu ya wadatar. A Amurka sai da aka yi doka a 2000 kafin yaran riƙo suka fara samun zama 'yan ƙasa kai tsaye, waɗanda suka riga suka cika 18 lokacin da ta fara aiki ba ta shafe su ba, har an mayar da wasunsu ƙasashen da suka baro suna yara. In takardar ta fito, ku haɗa ta da hukuncin kotu, da tsohon fasfonsa, da littafin nan da kuka rubuta, ku ajiye a inda ruwa da wuta ba sa kaiwa, ku kuma nuna masa wurin.